Jawabi kan kyamarar hanya da tarar gudu

A da, in direba ya taka mota fiye da ƙa'ida, jami'i ke tsayar da shi, a ba da haƙuri a wuce. Yanzu a Abijan tun 2021, haka ma a Legas, kyamara ke ɗaukar lambar mota, tara ta iso ta saƙon waya. Wayar mai mota fa, ba ta direba ba. A Legas naira 50,000 ce.

Direbobinmu sun kawo kuka: mai kaya zai kira tsakar dare, wai albasa za ta ruɓe, a ƙara wuta, tara ta zo, a zaftare daga haƙƙinsu. Shawararmu, tun wajen lodi a rubuta wanda zai biya.