Bashin da ba ka ci ba: jawabi ga jama'ar Magariya da Dungas

Ina gaida sarakunanmu da malamanmu, ina gaida iyaye mata da matasa, da waɗanda suka taso tun daga Bande, Waca, Dogo-Dogo da Malawa. Allah ya saka da alheri.

Magabata sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wanda ya ci, ya biya, wannan ba gardama. Maganata ta yau a kan wanda bai ci ba ce: mutum yana zaune gidansa a kawo mishi takarda da Faransanci, da hatimi a ƙasanta, ko saƙo ya faɗo a salula, wai ana bin shi jaka ɗari biyu, in bai biya cikin kwana uku ba jandarma za su zo. Ba ya karatun boko, kuma ba ya son maƙwabta su ji. Sai ya kama akuyar matarsa ko buhun gero ya kai kasuwa don a rufa asiri. Wallahi jama'a, tsoro da kunya ne jarin masu wannan sana'a.

Ta ina sunanka ke shiga bakinsu? Wani lokaci an karɓi hoton katinka na ɗan ƙasa da sunan za a rubuta ka cikin masu samun taki ko taimako, wani ya je ya ci bashi da shi. Wani lokaci takwara ne: sunayenmu iri ɗaya ne, kuma da yawanmu ranar haihuwar da ke kan kati 1 ga Janairu ce. Akwai kuma ta ƙetaren iyaka. Muna cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, 'ya'yanmu na cin rani Kano da Legas. Can akwai manhajojin ba da bashi ta waya waɗanda ke kwashe lambobin da ke cikin salular wanda ya ci, in ya makara su bi danginsa da saƙon zagi, su ce kai ne ka tsaya mishi. Abin ya kai hukumar kare masu sayayya ta Najeriya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas cikin Maris 2022, kuma a 2023 kamfanin Google ya hana irin waɗannan manhajoji taɓa lambobi da hotunan mutane.

To me addini da doka suka ce? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan bashi take, kuma umarninta a rubuta, a kafa shaidu. Malamanmu na nan, sun san hujja tana kan mai da'awa. Dokar ƙasa ma haka ta ce: mai cewa yana bin ka shi zai kawo hujja.

Batun tsayawa wani kuma, ku riƙe wannan da kyau. Nijar tana cikin OHADA, ƙungiyar dokokin kasuwanci da aka kafa a 1993. Dokarta ta 2010 a kan lamuni ta ce ba a ɗora wa mutum tsayawa da zato. Sai da takarda mai sa hannunka da na mai ba da bashin, ka rubuta iyakar kuɗin da hannunka, da lamba da kalmomi. In ba ka iya rubutu, sai da shaidu biyu da za su tabbatar kai ne, kana wurin, kuma an fayyace maka abin da ka ɗauka. Ke nan ganin lambarka cikin wayar ƙanenka bai maishe ka mai tsaya mishi ba. Haka bashin mamaci: daga dukiyar da ya bari ake biya kafin rabon gado, ba daga aljihun ɗansa ba. Amma iyaye mata masu cin bashin ƙungiya, ku lura: in kun dangwala a kan cewa kowa ta tsaya wa kowa, wannan alkawari ne na gaske. Ku sa a karanta muku da Hausa kafin yatsa ya taɓa tawada.

Yanzu takardun. Iri uku ne, kuma rashin bambanta su ne ke cutar mu.

Ta farko ta ɗan damfara ce. Alamarta gaggawa da ɓoyo: biya yau, kar ka gaya wa kowa, turo ta wannan lamba. Ba adireshin ofis, ba ranar da aka ci bashin, lambar da za a tura kuɗin ta mutum ɗaya ce. Wani har lambar sirrin asusunka na salula zai tambaya. Kar ka ba shi, kar ka kira lambar da ke kan takardar. In ya ambaci wani banki ko asusun lamuni, taka da ƙafarka ka je ofishinsu ka tambaya.

Ta biyu ta ma'aikata ce ta gaske, amma ta yi kuskure ko an yi amfani da sunanka. Wannan takardar neman biya ce kawai, ba hukunci ba ce. Ka je tare da wanda ya iya karatu, ka ce a nuna maka yarjejeniyar: yaushe, nawa, sa hannun wa, hoton wa. Ka ba da amsa a rubuce cewa ba ka yarda da bashin ba, a buga hatimi a kan kwafinka, ka adana. Kuma kar ka ce bari in ba da jaka biyar su ƙyale ni. Gobe jaka biyar ɗin nan za a ɗaga a ce ai ka amsa, tunda har ka fara biya.

Ta uku ita ce wadda ba a wasa da ita: umarnin biya daga alƙali, wanda ma'aikacin shari'a da ake ce wa wisiye ke kawowa hannu da hannu. Alƙali yana iya sa hannu a kanta bisa takardun mai ƙara kaɗai, bai ji ta bakinka ba. Shi ya sa doka ta ba ka damar ƙalubalanta. Da kwana 15 ne, amma tun da sabuwar dokar OHADA ta fara aiki ran 16 ga Fabrairu 2024 ya koma kwana 10. Dole takardar ta faɗi wa'adin da kotun da za ka je. In ka ƙalubalanta, alƙali zai fara da neman sulhu, kuma mai ƙara ne zai kawo hujjar bashin. In ka jefa ta ƙarƙashin tabarma ka ce ai ni ban ci ba, kwanakin suka wuce, ta zama hukunci, ana iya kama dukiyarka da ita. Nan ne mai gaskiya ke faɗuwa. Ranar da ta zo, ka rubuta kwanan wata, washegari ka kasance gaban magatakardar kotun. Wanda ba shi da halin lauya, akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimakon marasa ƙarfi a shari'a, ku neme ta a babbar kotun Damagaram.

Masu ce muku za a ɗaure ku fa? Nijar ta shiga yarjejeniyar duniya kan 'yancin ɗan adam na farar hula da siyasa tun 1986, kuma sashe na 11 ya hana ɗaure mutum don kawai ya kasa cika alkawarin da ya ɗauka a yarjejeniya. Ba wanda ke da ikon shiga garkenka ya kwance sa ba tare da takardar zartarwa ko izinin alƙali ba. In sammacin jandarma ne na gaske, ka amsa, ka je da mutum biyu, ka faɗi gaskiyarka. In kuwa barazana ce ta waya, kar ka goge saƙon, shi ne hujjarka. Tun 2019 muna da dokar laifukan intanet, ka kai ƙara.

Ina roƙon masu gari da limamai: duk wanda aka kawo wa irin wannan takarda, ƙofarku ta zama wurin farko da zai zo ba tare da an yi mishi dariya ba. Malaman makaranta da ɗalibai, ku karanta wa iyayenku tun daga sama har ƙasa, ku nuna musu wace ce cikin ukun nan. Mu kuma kowa ya daina miƙa katinsa ga wanda bai faɗi ma'aikatarsa da dalilinsa ba.

Allah ya raba mu da bashin da ba mu ci ba, ya hore mana biyan wanda muka ci. Masu tambaya, bismillah, a fara da ɓangaren mata.