JAWABI GA JAMA'A A KAN TAMOWAR YARA

Ya ku ƴan'uwa maza da mata, manoma da makiyaya.

Mun taru yau domin maganar ƴaƴanmu. Kakanninmu sun ga yunwar fara a 1931, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mu kuma mun ga 2005 da 2010. A kowace ɗaya yaro ƙarami shi ke fara faɗuwa. A 2005, bayan fari da farar 2004, likitocin MSF kaɗai sun yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a ƙasarmu, yawancinsu a jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa. Hatsi kuwa yana nan a kasuwa, tsada ce ta hana talaka saye.

Ga yadda abin yake. Da kaka manomi ya sayar da hatsinsa da araha domin biyan bashi, da damina ya komo ya saye shi da tsada. A wannan lokaci ne uwa take gona, sauro ya yi yawa, zazzaɓi da zawo su kama yaro. Kunun hatsi zalla mai ruwa-ruwa yana cika ciki, amma ba ya gina jiki.

Saboda haka muna kira ga iyaye mata: a ba jariri dakashi, kada a zubar. A ba shi nono kaɗai har wata 6, ban da ruwa ko jiƙo. Daga nan a kaurara kunu, a sa gujiya ko garin wake, da madara, da ganyen zogale, a ci gaba da nono har shekara 2. Ku kuma magidanta, kada a buɗe rumbu domin biki alhali yaro yana ramewa. Ƙwai da nonon akuyar gida a fara ba yaro kafin a kai kasuwa.

In kun ga ƙafafun yaro sun kumbura, ko gashinsa ya yi ja, ko igiyar awon dantse ta nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, kada ku kwana, ku kai shi likita. Akwai abincin magani na gujiya da madara da ake bayarwa, uwa ta ba shi a gida. Na maras lafiya ne, kada a raba, kada a sayar.

Ga hukuma kuwa muna cewa: a 2006 an yi dokar jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. To, a sa magani a kowace likita ta ƙauye, a cika rumbunan tsimi tun da kaka, kafin ƴan kasuwa su kwashe. Ƴancin ƙasa bai cika ba sai ta iya ciyar da ƴaƴanta.

Kowa ya kai wannan magana garinsu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Wassalam.