Cunkoso a Hanyar Kwamfuta: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Duk mun tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Takardar naira ta yi wuya, kowa ya koma tura kuɗi ta waya. Mutumin Kebbe ya kawo hatsi kasuwar Tambuwal, an tura masa kuɗi, sun fita amma ba su iso ba, ga magariba ta yi. Dalilan suna da yawa, ni dai cunkoso zan taɓa.

Saƙon kwamfuta gutsuttsura shi ake yi, guntayen su bi layi a na'urar da ke rarraba su. Tsohuwar dabara ita ce na'ura ta yi ta karɓa har layi ya cika, sannan ta watsar da duk wanda ya zo. Masu aikowa su sake aikowa, abu ya ƙara cuɗewa. A 1986, a Berkeley ta Amurka, wani layi da ke ɗaukar ɗigon bayani 32,000 a daƙiƙa ya koma ɗaukar 40 kacal.

A garin nan dai, tun 1965, Farfesa Lotfi Zadeh ya fito da fazi lojik, wanda ni nake kira lissafin dama-dama. Malaminmu na lissafi ya gafarce ni, a nan amsa ba i ko a'a ba ce kurum. Layi yana iya zama cike da maki 0.7. Sai a rubuta wa na'ura ƙa'idoji irin na mutane: in layi ya ɗan yi tsawo kuma yana ƙaruwa da sauri, a sa masu aikowa su sassauta tun yanzu; in ya yi tsawo amma raguwa yake yi, a ƙyale su. Haka gwanin ɗan kamasho yake yi a tasha, ba ya jira mota ta cika kafin ya kira ta baya. Japanawa sun ɗora jirgin ƙasa na birnin Sendai a kan wannan lissafi tun 1987.

Sai dai kada in sayar muku da biri a sama. A harkar intanet, yawancin wannan aiki a ɗakunan bincike yake. Kuma dabara ce ta raba hanya, ba ta faɗaɗa ta. Ƙauyen da ke ƙasar Kebbe wanda sai an hau tudu ake samun sabis, eriya yake bukata tukuna.