Man Gashi Mai Hoton Ganyen Wiwi: A Juya Bayan Kwalba

 Yau maganar man gashi da man shafawa za mu yi, musamman irin wanda za ki ga an zana masa wani koren ganye mai kama da yatsun hannu, an rubuta Hemp ko Indian Hemp a gaban kwalbar. Da yawa cikinmu mun taɓa shafa shi wajen kitso. Wannan ganye da kike gani, uwar gida, ganyen wiwi ne.

To, kada hankalinki ya tashi tukuna. Ita wannan shuka iri-iri ce. Akwai wadda ake nomawa don bawonta, a yi igiya da tufa kamar yadda muke yi da rama, a kuma matse 'ya'yanta a sami mai. Akwai kuma wadda 'yan shaye-shaye ke nema. Abin da ke sa maye, wanda masana ke kira THC, a fure da ganye ya fi taruwa. Ƙwayar irin ba ta da shi, sai ɗan abin da ya manne wa ɓawonta lokacin girbi. Shi ya sa man 'ya'yan ba ya bugarwa. Mai ne kawai kamar man riɗi, yana tausasa fata da gashi, sai dai ba ya jure zafi da rana, nan da nan warinsa ke canzawa.

Matsalar ita ce gaban kwalba ba ya gaya miki wanne aka zuba. Gaban kwalba talla ce. Ke kuma ba kasuwa kike zuwa ba, balle ki tsare mai kanti da tambaya. Maigida ne zai sayo, ko ki aiki yaro, ko dillaliya ta shigo da shi cikin kayanta. Idonki a kasuwa ɗaya ne, wato ƙananan rubutun nan na baya, inda aka jera abubuwan da aka haɗa. In ba ki karanta boko, ki kira ɗanki ko 'yarki 'yar makaranta ta karanto miki, ba abin kunya ba ne.

Sunayen da za ki saurara ga su. In aka ce Cannabis Sativa Seed Oil, man 'ya'yan ne, wanda muka ce ba ya sa maye. Kalmar Seed ɗin nan ita ce ke nufin iri. In kuwa aka ce Cannabidiol, ko a taƙaice CBD, ko kika ji an ambaci ganye ko fure, to wannan daga jikin shukar aka tatso shi. Shi ma CBD ba ya bugarwa, amma in ba a tace shi sosai ba yakan taho da ɓurɓushin THC. Yana da tsada kuma, shi ya sa wasu masu sayarwa ke rubuta Hemp Oil kurum su yi shiru, mai saye ya zaci abin mai tsadar ya samu.

Akwai ma abin dariya. A Amurka akwai wata shuka daban da su ma suke kira Indian Hemp, sunanta a wajen masana Apocynum Cannabinum, ba ta haɗa dangi da wiwi ba. In wannan sunan kika ji a bayan kwalba, ba wiwi aka zuba ba.

Sannan ki lura da jerin kansa. Ƙa'idar masu wannan sana'a ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In kika ji Petrolatum ne a farko, man wiwin kuma yana can wajen ƙarshe kusa da turare da launi, to basilin kika saya da kuɗin da ya fi na basilin.

Me ya sa muka damu da wannan bambanci? Saboda doka. A shekarar 2018 Amurka ta ware irin wanda THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, ta halatta nomansa, daga nan kayan kwalliya masu wannan ganye suka ƙara yawa a kantuna. Mu a Nijeriya dokarmu ta wiwi tun ta 1966 ce, kuma ba ta yi wannan rabe-raben ba, shukar gaba ɗaya ta hana. Hukumar NDLEA da aka kafa a 1989 ita ke kamu. Saboda haka in man na kamfani ne, ki nemi lambar rajistar NAFDAC, da sunan kamfanin da adireshinsa, da ranar da man zai daina aiki. Kwalbar da ba ta da ko ɗaya, ki mayar wa dillaliya kayanta cikin mutunci. Hajiyoyi masu shirin Hajji ko Umara, Saudiyya ba ta wasa da duk abin da ya shafi wiwi. Duk man da ke da hoton ganyen nan a bar shi a gida, a ɗauki man kaɗe.

Yanzu gare ku masu sana'ar haɗa man kitso a cikin gida, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mun san akwai masu ba da shawara a jiƙa ganyen wiwi a cikin mai wai don gashi ya yi tsawo. 'Yar uwa, wannan ba man 'ya'ya ba ne, wiwi ne tsagwaronsa. Wa zai sayo miki ganyen? Yaro. Wa zai ɗauki man a faranti ya zaga unguwa? 'Yarki. In aka tare su a hanya, ba wanda zai saurari cewa na kitso ne. Ki tsaya kan man kaɗe da man kwakwa da abin da kika sani, ki sami 'yar takarda a rubuta duk abin da kika zuba, daga mai yawa zuwa kaɗan, da ranar da kika haɗa, ki liƙa a jikin robar. Akwai matan da fatarsu ba ta shiri da wani turaren ko wani man, kuma a kan jarirai ma ana shafawa. In ƙuraje suka fito wa yaro aka kai shi asibiti, wannan takardar za a nuna wa likita.

Lokaci ya yi halinsa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.