"Kai" Da "Ku": Abin Da Jamusanci Ya Tuna Mana Game Da Kiran Mutum

Shugaban taro, iyayenmu masu riƙe da sarauta, Allah ya ƙara muku lafiya. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, ɗalibai da suka taso daga Dutsin-Ma da Kurfi suka same mu nan Makera, barkanmu da hantsi.

Kun lura ban ambaci sunan kowa ba a gaisuwar nan, amma kowa ya ji inda na ajiye shi. To, a kan wannan zan yi magana. Zan fara da Jamusanci, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai da madubi, kuma harshen wasu madubi ne mai kyau.

Bajamushe idan zai yi magana da mutum ɗaya, dole ya zaɓi ɗaya daga kalmomi biyu. Ta farko "du". Ita yake faɗa wa iyayensa da matarsa da 'ya'yansa da amininsa da ƙaramin yaro, kuma da ita yake roƙon Ubangiji. Ta biyu "Sie", ana furta ta kamar "zi", ana rubuta ta da babban baƙi. Wannan ta baligi ce wanda ba a saba da shi ba: likita, mai kanti, shugaban wurin aiki, baƙon da aka haɗu da shi a jirgin ƙasa. Tana tafiya da "Herr" ga namiji ko "Frau" ga mace, sannan sunan dangi. Maƙwabta biyu sukan shekara ashirin ƙofa na kallon ƙofa, suna gaisawa kullum, ba su bar "Sie" ba. Har aikatau suka ƙirƙira wa abin: "duzen" da "siezen", wato kiran mutum da wannan ko da waccan.

Ƙetarawa daga "Sie" zuwa "du" ba a yin ta da ka. Babba ne yake yi wa ƙarami tayi, ko shugaba ga na ƙasa da shi, kuma idan an karɓa an ƙulla zumunci ke nan, komawa baya kamar yanke hulɗa ne. A makarantu da yawa, yaro na kai shekara 16 malamai sukan fara ce masa "Sie", su nuna masa ya shiga sahun manya. Wanda kuwa ya ce wa ɗan sanda "du" da niyyar raini, ana iya kai shi kotu a ci shi tara, domin dokarsu tana hukunta cin mutunci.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne asalin "Sie" ɗin. A zamanin da, Jamusawa "ihr" suke ce wa babban mutum, ma'anarta "ku", daidai da yadda Bafaranshe yake cewa "vous", wanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka sani tun daga firamare. A ƙarni na 17 sai aka ga "ku" ta yi araha, aka koma yi wa mutum magana kamar ba ya wurin, ana ce masa "shi". Daga nan, zuwa ƙarni na 18, aka ƙara ɗaga abin zuwa jam'i. "Sie" ɗin nan ta girmamawa ba komai ba ce illa kalmarsu ta "su". Yanzu ku tuna abin da yaro mai tarbiyya yake faɗa idan aka yi sallama da mahaifinsa: "Baba sun tafi gona." Almajiri ya ce, "Malam sun shiga ciki." Mutum ɗaya ne, amma an mai da shi su. Al'ummomi biyu da hamada da teku suka raba sun bi hanya guda: idan kana ganin girman mutum, ba ka nuna shi da yatsan harshe, sai ka yawaita shi, ka ɗan kau da kai.

Jamusawa ba baƙinmu ba ne a fagen harshe. Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya biyo ta Katsina a farkon 1851 kan hanyarsa ta Kano. J. F. Schön ya wallafa nahawun Hausa a 1862, kuma sashen Hausa na gidan rediyon Jamus yana watsa shiri tun 1963. Sun daɗe suna nazarinmu, babu laifi mu ma mu leƙa nasu.

Sai dai "ku" ɗinmu ba ta da tsaurin "Sie". Wani gida ana ce wa uba "ku", wani gidan "kai" ake ce masa ba tare da an ga rashin kunya ba. Ga sarki sukutum, ana faɗuwa gabansa ana cewa "ranka ya daɗe", da lamirin mutum ɗaya. Ashe mu ba a lamiri muka tara girmamawarmu ba. Mun ajiye mafi yawanta a suna.

Na taɓa zama a wani wurin rajista ina kallon wata dattijuwa da ta zo daga ƙauye. Mai rubutu ya tambaye ta sunan mijinta. Ta ja bakin mayafinta ta rufe baki, ta dubi ƙasa, sannan ta taɓa matar da ke kusa da ita da gwiwar hannu. Waccan ce ta faɗi sunan. Aka zo kan ɗanta na fari, aka sake yin haka. Ba mantawa ta yi ba, alkunya ce. Shekara arba'in tana kiran mutumin nan Malam ko Maigida, sunansa bai taɓa hawa harshenta ba. Daga wannan al'adar muka samu Abba da Baba da Ummi da Inna da Hajiya a matsayin sunayen yara: an yi wa kaka takwara, uwar yaron ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, sai aka sakaya.

Haka sarauta take haɗiye suna. A Dutsin-Ma ana cewa Yandaka, a Kurfi ana cewa Maraɗi, kowa ya san hakimi ake nufi. Marigayi Alhaji Isa Kaita, wanda kwalejin horar da malamai ta Dutsin-Ma take ɗauke da sunansa, dattawa Waziri suke ce masa. A kasuwa akwai Sarkin Fawa, a bakin ruwa akwai Sarkin Ruwa. Kowane matsayi da addu'arsa: "Allah ya gafarta Malam" ta malami ce, "Allah ya ja zamaninka" ta basarake. Jiki ma yana magana, a tuɓe takalmi, a durƙusa, a yi jinjina. Muna kuma da ƙofar wasa da muka bari a buɗe da gangan, inda jika zai tsokani kakarsa, taubashi ya tsokani taubashinsa, Bakatsine ya ja Banufe. Idan ana zancen yalwa, tsarinmu ya fi na Jamus nesa ba kusa ba.

Amma akwai wuri guda da suka sha gabanmu, kuma shi ya kawo ni nan. A 1960 wasu masana biyu a Amurka, Roger Brown da Albert Gilman, suka nuna cewa irin waɗannan lamirai suna auna abu biyu: iko da kusanci. A Turai ta da, ubangida yakan ce wa baransa "du", baran ya mayar masa da kalmar girma. Yau a Jamus, tsakanin baligai, abin ba-ni-in-ba-ka ne. Farfesa zai ce wa matar da ke share ofishinsa "Sie", ya haɗa da "Frau" da sunan danginta, kamar yadda ita ma za ta ce masa. Girman bai dogara da albashi ba, ya dogara da cewa kai baligi ne.

Mu kuwa girmamawarmu sama take hawa, da wuya ta gangaro. Wata rana na raka wani dattijo, abokin mahaifina, zuwa wani ofishi. Manomi ne, furfura ta cika gemunsa, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa tun ba a ce ya tuɓe ba. Wani saurayi da bai kai jikansa ba ya ɗago daga kan waya ya ce, "Kai tsoho, koma waje ka jira." Ba a yi minti biyar ba wani ya shigo da shadda mai maiƙo da makullin mota a hannu. Saurayin nan ya miƙe tsaye: "Yallaɓai, ranka ya daɗe, bismillah ku zauna." Dattijon bai ce uffan ba. A hanyar komawa gida ma bai tayar da zancen ba, ni ne na kasa cin abinci ranar. Yaron nan ya san kalmomin ladabi sarai, ya nuna ya iya su. Abin da ya koya shi ne a sayar da su ga mai hali. Wannan ne ya sa muke jera wa mai kuɗi Alhaji da Dakta da Injiniya a katin biki, mai turin baro kuma da ya haife mu a shekaru sunansa "kai".

Wasu za su ce a zubar da bambancin gaba ɗaya, kowa ya zama "kai". An yi hakan a wasu wurare. A Suwidin, wajen 1967, aka fara wani sauyi da ya sa kusan kowa yake ce wa kowa "du". A Jamus ɗaliban jami'a na zamanin 1968 sun yaɗa "du" a tsakaninsu, yau kuma kamfanoni irin su IKEA da ita suke yi wa masu sayayya magana, intanet ma ta ƙara mata ƙarfi. Turanci ya bi ta ɗaya ɓangaren, ya yar da kalmar kusanci ya riƙe ta jam'i ga kowa. Ni ban goyi bayan mu rushe namu ba. Ina jin zafi idan ɗalibi ya turo wa malaminsa saƙo babu sallama, babu "Malam". Amma na fi jin zafi idan malamin ya daka wa mai gadin makaranta tsawa da "kai" a gaban ɗalibai, domin daga nan suke ɗaukar darasi.

Ɗalibai, ku nake so in yi wa magana yanzu. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, da kwalejin Isa Kaita suna yaye ku kowace shekara. Gobe ku ne a bayan tebur a asibiti da banki da sakatariyar ƙaramar hukuma da aji. Mutanen da za su tsaya gabanku su ne masuntan Zobe, da masu noman rani, da matan Fulani masu tallan nono, da tsofaffin da ba su iya sa hannu sai dangwale. Idan ɗayansu ya shigo, ku ɗago kai daga waya. Ku ce "Sannu Baba", ku ce "Inna, ku zauna". Idan ta kasa faɗin sunan mijinta, kada ku yi mata dariya, ku tambayi wadda ta rako ta.