Asalin Kalmar "School" da Bashin da Ke Kanmu



An ba ni 'yan mintoci in yi magana, na kuwa zaɓi kalma guda wadda babu wani a ɗakin nan da bai rubuta ta a bangon littafinsa ba, watau "school".

Ba Ingilishi kaɗai ke da wannan kalma ba. Jamusawa na cewa Schule, Italiyawa scuola, mutanen Sifen escuela, na Fotugal escola, Rashawa shkola, Faransawa kuma école. Duk uwarsu ɗaya. Daga Latin suka gaje ta, inda ake cewa schola, su kuma Romawa aro ta suka yi daga Girkawa. Da can Faransawa escole suke rubutawa, sannu a hankali harafin "s" ya zube. Har ƙasashenmu kalmar ta iso. Lakwal ɗin da 'yan'uwanmu na Nijar ke faɗi daga l'école ta fito. A Tanzaniya, inda Jamus ta yi mulki har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, shule ake cewa da Suwahili.

To, ga abin mamaki. A bakin Girkawan farko, schole ba ta nufin aji, ko allo, ko bulalar malam. Ma'anarta hutu, watau lokacin da mutum ya sami sararin kansa. Kasuwanci da sauran hidimomi kuwa ascholia suke ce musu, rashin hutu ke nan. Mutanen birnin Atina idan suka sami sarari sai su zauna su yi ta muhawara a kan adalci da lissafi da mulki. Da tafiya ta yi tafiya, sunan hutun ya koma kan muhawarar, daga nan ya koma kan wurin da ake yin ta. A irin wannan zama ne Aflatun ya kafa Akademiya wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ɗalibinsa Aristotal kuma ya buɗe Lisiyum a 335. Daga sunan nan na biyu Faransawa suka samo lycée, sakandarensu.

Na ga wasu suna murmushi. Wanda ya sha tashin asuba da sharar fili da karatun dare zai ce ina hutu a makaranta? Amma mu tambaya, wa ya ba mutanen Atina wannan sarari? Bayi ne ke yi musu noma da aikin gida. Hutun wani gumin wani ne.

Mu ba bayi suka yi mana ba, masoya ne. Uban da ya shiga gona shi kaɗai da damina don ɗansa na makaranta. Uwar da ta haƙura da ɗora wa 'yarta talla. Yayar da ta ɗauki aikin gida duka. Su suka saya mana shekarun da muka zauna a aji.

Bahaushe ya ce makaranta, wurin karatu. Bagirke ya tuna mana cewa kafin wuri sai an sami lokaci. Yau a unguwanninmu akwai yara masu kaifin ƙwaƙwalwa waɗanda ginin makaranta na kusa da su, amma faifan talla da tura baro sun cinye musu wuni.

Don haka roƙona ga ƙungiyarmu shi ne, idan mun gyara rufin aji mun sayi benci, kada mu tsaya nan. Kowane rukuni na 'yan aji ɗaya ya nemi yaro ko yarinya guda, a zauna da iyayen, a ɗauke musu abin da yaron ke kawowa gida, har ya gama. Da haka za mu rage bashin da ke kanmu.

Allah ya jiƙan malamanmu da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya saka wa na raye da alheri.