Kaurin Bango: Namu da na Wasu Ƙasashe

Uwargida, yau ba girki za mu yi ba. Hirarmu a kan abin da kike jingina da shi kullum ne, wato bangon ɗakinki.

In kina ɗaya daga tsofaffin gidajen Jakara ko na bakin Kasuwar Kurmi, tashi ki tsaya a bakin ƙofa, ki auna kaurin bangon da hannunki. Za ki tarar ya kai ƙafa 2, wani ma ya fi, musamman in akwai bene a kai. Maginan da da tubali suke aiki, su jera 3 ko 4 a gindi, suna hawa suna ragewa, har a zo inda za a ɗora azara. Ba don ƙasa ta yi musu yawa ba ne. Ranar Kano tana dukan bango tun da hantsi, amma kafin zafin ya ratsa wannan kauri ya iso gare ki, la'asar ta yi sanyi. Shi ya sa ɗakin soro da azahar ɗin bazara kamar cikin randa yake. Da hunturu kuma, ɗumin da ya sha da rana shi yake sakar miki da dare.

To, ba ko'ina ake gini haka ba. A Japan, inda girgizar ƙasa ba ta da wuya, gidajensu na gargajiya da katako ake yi, abin da ya raba ɗaki da ɗaki kuwa takarda ce a jikin sirarun itace, a ja a buɗe, a ja a rufe. Ki ce da su gulma ba ta ɓuya! A Amurka yawancin gidaje da katako ne, bangon cikin gida bai cika wuce inci 5 ba, na waje kuma a cusa masa wani abu mai kama da auduga don ya tare sanyi. A Ingila bango biyu suke yi, su bar rata a tsakani, saboda ruwan sama da yake dukan na waje kada danshinsa ya kai na ciki. Waɗanda suka yi kama da mu su ne mutanen Shibam a ƙasar Yaman. Da ƙasa suke gina bene hawa 5 zuwa sama, gindi da kauri, sama siriri, kamar dai namu.

Yanzu kowa bulo yake so, mai inci 6 ko inci 9, cikinsa rami, a rufa da kwano. Ban ce bulo ba shi da amfani ba, ai ya hutar da mutane yaɓe duk shekara. Amma maigida da yake cewa a rushe soro a yi na zamani, shi yana kasuwa da azahar. Ke ce a ɗaki, ke da jariri da ƙurajen zafi, ga wuta an ɗauke, fanka ta tsaya. Don haka in maganar ta taso, ki sa baki cikin ladabi. Ko da bulon za a yi, a yi mai inci 9, a sa silin, a fitar da taga biyu masu kallon juna.

Ke kuma mai gidan ƙasa, ki sani kauri ba ya tsoron rana, ruwa yake tsoro. Ko Shibam ɗin nan, ambaliyar 2008 ta yi musu ɓarna. Jakara kuwa kwari ce, ruwan unguwanni da yawa nan yake gangarowa. Bango daga gindi yake mutuwa. Ruwan wanke-wanke da na wanki da ake watsawa a jikinsa, rariyar da ta toshe da leda, indararon da ya karye yana zuba a kan katanga, su ne suke cinsa a hankali. Wasu su lulluɓe ƙasar da siminti su ce an gama, alhali in ya tsage ruwa ya shiga baya, ba ya samun hanyar bushewa, bango na ruɓewa ba a gani.

Ke kike wuni da bangon nan, ke za ki fara gani. In gindinsa ya yi duhu da danshi, ko yana zubar da gari, ko tsaga ta fito tana ƙara buɗewa, kada ki jira watan Agusta. Ki faɗa wa maigida a kira magini tun da rani, a yi yaɓe, a gyara indararo. Kafin nan, ki janye shimfiɗar yara daga jikin wannan bangon.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.